Jakar ƙyallaye da zaren masunta: yadda na saƙa ta a Elmina

Duk macen da ke kai ɗinki ta san turmin atamfa ba ya dawowa cif. Yadi shida za ki kai, a fitar miki da riga da zane da ɗankwali, ragowar kuma ta faɗa ƙarƙashin keken tela, daga nan sai bola ko cikin matashin kan wani. Ni na daɗe da hana telana zubar da nawa. Duk ɗinkin da zan karɓa da ƙullin ƙyallayensa nake haɗawa, har suka cika wata tsohuwar akwati a ƙarƙashin gado. Da goggona da ke aure a Nima, cikin birnin Akra, ta matsa lallai in kawo mata yara a dogon hutun watan Agusta, har da alƙawarin za ta kai mu Elmina mu ga teku, sai na ce ranar ƙyallayen nan ta zo. Jaka nake so mai ɗaukar tawul da gorar ruwa da jiƙaƙƙun kayan yara, gindinta na atamfa, jikinta na raga.

Rabin aikin a Kano na yi shi, kuma shi ne rabin da babu daɗi. Sai da na zazzage akwatin na zauna ina juya bayan kowane ƙyalle. Atamfa ta gaske launinta ya ratsa gaba da baya, da ƙyar za ki bambance fuska da ciki. Mai arha kuwa fuska ɗaya aka buga mata, bayanta fari-fari ne, kuma da zarar kin yanka ta siriri kin fara saƙawa sai ta murɗe, farin ya riƙa leƙowa ko'ina. Waɗannan na ware su gefe. Leshi ma na cire shi, don yagewa yake a bakin kwarashi. Shadda kuma taurinta da santsinta ba sa barin ƙulli ya zauna. Waɗanda suka tsira na jiƙa su a ruwan ɗumi, ja daban, shuɗi daban, in ga wanda ke zuba, tunda jakar ruwa za ta sha. Wani jan ƙyalle da na fi ƙauna ya rine bokiti, dole na haƙura da shi. Sauran na wanke su sitacin ya fita, na goge.

Faɗin inci ɗaya na riƙa yankawa. Ga mai son lissafi, yadi ɗaya na atamfa in aka tsaga shi inci-inci yana ba da tsiri 36, in kuma aka haɗa su baki da baki za a sami igiya mai tsawon yadi arba'in da ɗoriya. Amma ƙyallen tela ba yadi ba ne. Wani daga hammatar riga ya fito, wani daga wuya, kowanne da irin karkatarsa. Don haka ba na yagawa, ko da yake yaga ya fi sauri. Almakashi nake sawa in bi ƙyallen in tsaya saura kaɗan in kai gefe, sannan in juyo daga wancan gefen in dawo, haka har ya ƙare, sai ƙyalle tafin hannu biyu ya zama igiya guda doguwa. Wurin haɗa igiya da igiya babu allura babu ƙulli. Ki tsaga ɗan rami a bakin kowacce, ki zura bakin sabuwar cikin ramin tsohuwar, ki ɗauko wutsiyar sabuwar ki zura ta cikin nata ramin, ki ja a hankali. Mahaɗar takan kwanta lafiya, ba ta yin gudajin da zai tokare kwarashi. Yara suka taya ni naɗewa, muka sami dunƙule-dunƙule masu girman lemo, tafin hannuna kuwa ya yi kanta saboda almakashi.

Na sayi farin zaren auduga mai kauri a kasuwar Sabon Gari. Mai shagon ya so ya haɗa ni da ulu, wai ya fi launuka ya fi arha, gaskiyarsa ne kuma. Sai dai ulun da ke kasuwarmu na roba ne, yana miƙewa in ya ɗauki nauyi, gashinsa kuma yana riƙe duk abin da ya taɓa shi. Hular jariri da safa, ba shi da na biyu. Jakar da za a ajiye a kan yashi kuwa, a'a. Kwarashi biyu na ɗauka, babba na roba mai lamba 10 don ƙyalle, ƙarami na alminiyom mai lamba 4 don zare. Su da almakashi da allurai duk na sa su a akwatin da za a auna, don kada a karɓe a wurin bincike.

Tafiyar ba wani dogon labari. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza zuwa Gana, fasfo ne da katin rigakafin shawara. Daga Legas zuwa Akra kimanin awa ɗaya ne a jirgi, agogonsu kuma yana bayan namu da awa ɗaya, sai ki ga kin sauka kusan lokacin da kika tashi. Muka huta a Nima, muka sha koko da ƙosai, muka ci waakye, shinkafa da wakensu, har yara suka fara neman ƙari, sannan Goggo ta kwashe mu zuwa tashar Kaneshie tare da babban ɗanta. Kilomita wajen 150 ne zuwa Cape Coast, ta Kasoa da mararrabar Winneba da Mankessim, kuma cunkoson Kasoa kaɗai ya isa ya cinye wa mutum safiya. Elmina tana gaba kaɗan. Ƙamshin kifi da hayaƙin banda ne suka fara tarbar mu kafin mu ga ruwan.

A barandar masaukinmu na kafa gindin jakar. Sarƙa huɗu na yi na haɗe bakinta ta zama zobe, na zuba gajeren ƙulli 6 a ciki. Zagaye na biyu kowane ƙulli ya haifi biyu, suka zama 12. Daga nan ƙa'idar ɗaya ce, kowane zagaye a ƙara shida, a kuma rarraba ƙarin daidai: 18, 24, 30, 36, 42, 48. A zagaye na takwas na tsaya, faɗinsa ya kai wajen inci tara, ya kwanta shimfiɗe kamar faifai. Mai koyo ta riƙa ajiye shi a ƙasa bayan kowane zagaye tana dubawa. In gefen ya fara tasowa yana lanƙwasowa ciki, ƙarin ya yi kaɗan ko hannu ya cika ja. In ya fara tattarewa yana hawa da sauka, ƙarin ya yi yawa. Ban ja ramin tsakiya na rufe ba, da gangan na bar shi yatsa na iya shiga, don yashi da ruwa su sami hanyar fita.

Saƙa da ƙyalle aikin ƙarfi ne. Ba ya zamewa a kan kwarashi yadda zare ke yi, sai an ja shi da wuyan hannu, ga shi atamfa ba ta miƙewa ko kaɗan. Zagaye biyu zuwa uku sai in ajiye in yarfe hannu. Goggo, wadda ke kirana Uwata saboda sunan mahaifiyarta na ci, ta zauna tana kallona tana ɓare gyaɗa.

"Uwata, yanzu kuɗin jirgi kika biya ki zo ki yi faɗa da tsumma? Ga teku can Allah ya shimfiɗa."

"Goggo, ai ina ganinsa daga nan."

"To Allah ya ba da sa'a. In kin gama ki saƙa mini tabarma."

Don in ta da bango, sai na yi zagaye ɗaya ba ƙari, ina soka kwarashi a madaukin baya kaɗai na kowane ƙulli. Wannan ne ke karya saƙar ta miƙe tsaye, ya bar wani siririn layi a gefen gindin. Na ɗora zagaye huɗu a kai, nan aikin ƙyalle ya ƙare.

Abin da mutumin Kano ba ya zato shi ne abin da iskar teku ke yi wa kayan aiki. A watan Agusta gaɓar Gana ba zafi, sama a lumshe, ruwan sama ma ba shi da yawa, amma iskar jiƙe take da laima da gishiri. Almakashina da ya shekara da shekaru a Kano bai taɓa yin tsatsa ba, kafin mu bar garin ya yi ɗigo-ɗigon ja a mahaɗarsa ya fara cijewa. Allurar da na soke a jikin ƙyalle na bari a baranda ta kwana, da safe ta bar tabo a wurin. Na koma shafa musu ɗan man keke ina ƙulle su a leda. Zaren auduga shi ma ya sha laima ya yi nauyi, ya daina gudu a yatsa, har kwarashin ya riƙa ɗan kuka a cikinsa. Hoda na riƙa shafawa a hannu. Tawul ɗin da a gida za a shanya bayan azahar a kwashe kafin la'asar, a nan sai ya wuni ya kwana da sanyinsa. Wannan ya sa na fara shakkar farin zaren nan. In jikin jakar duk auduga ne, ranar da ta jiƙe sai ta yi kwana biyu ba ta bushe ba, ƙarshenta ta yi fumfuna.

Masuntan Fante, ƙabilar wannan yankin, ba sa shiga teku ranar Talata, al'ada ce tsohuwa a gaɓar nan. Ranar sai ki ga kwalekwale jere a bakin tafkin Benya, kowanne da fentinsa da tutocinsa da rubutun addu'a a gefe, maza kuma sun baje koma a ƙasa suna gyara. Ɗan Goggo, wanda taubashina ne kuma ba ya barin in huta da tsiya, ya ce in zo in ga masu saƙar gaske. Muka tsaya wajen wani dattijo da ya saƙale komar da babban yatsan ƙafarsa ya miƙe ta, wuƙa a gefensa, a hannunsa wata allura mai faɗi ta roba wadda aka naɗe zaren a cikin cikinta. Yakan fara yanke gefen yagewar ya daidaita ta, sannan ya zura allurar ta cikin ido, ya danne da babban yatsa, ya zagayo ya ja. Ido ɗaya, ƙulli ɗaya. Hannunsa ya fi idona sauri.

Na gaishe shi, ɗan Goggo yana fassarawa.

"Baba, sannu da aiki. Ko zan iya ganin zaren?"

Ya miƙo mini, shi kuma ya karɓi gindin jakata yana juyawa. Ya ga bakin igiyar da ban ɗaure ba ya ɗan ja, ƙulli uku suka warware nan take. Ya yi dariya ya faɗi wata magana.

"Wai ya ce," in ji ɗan Goggo, har da ƙarin gishirinsa, "in da haka komarsa take, kifi ɗaya mai haƙori ya isa ya mayar da shi gida da zare zalla. 'Yar ƙauye, kin ji ko?"

Dattijon bai yi ƙarya ba. Saƙar kwarashi madauki ne cikin madauki daga farko har ƙarshe, in zare ya tsinke a wuri guda maƙwabtansa sai su bi shi. Koma kuwa kowane ido da ƙullinsa, in dutse ya yaga nan, can bai sani ba. Shi ya sa ake iya yi mata faci shekara da shekaru. Ban iya ƙullinsu ba, kuma ba abin da za a koya a tsaye ba ne, amma zarensu na nailan ya shiga raina. Ba ya shan ruwa, ba ya ruɓewa. A shagunan da ke kusa da gada, inda ake sayar da darma da ƙugiya da igiya, na sayi siriri shuɗi. Da na gwada shi shi kaɗai sai ya riƙa zamewa, ƙullin ba ya zama, ga yankan yatsa. Da na haɗa shi da farin audugar na riƙe su tare a matsayin zare ɗaya, sai kowanne ya rufa wa ɗan'uwansa asiri: audugar ta kama ƙulli, nailan ɗin ya ɗauki nauyi. Tunda ragar ramuka ne mafi yawanta, audugar da za ta shiga ba ta da yawan da za ta hana bushewa.

Daga ƙyalle zuwa zare sai an yi lissafi, domin ƙullin ƙyalle ɗaya ya kai faɗin na zare biyu da rabi. Da ƙaramin kwarashi na bi bakin bangon ina zuba biyu a wannan, uku a na gaba, 48 suka zama 120. Sannan raga: sarƙa biyar, a tsallake ƙulli uku, a kafa a na huɗu. Ido 30 ke nan a zagaye. Daga zagaye na biyu ba sauran ƙirga, sarƙa biyar ce a kafa a tsakiyar idon da ke ƙasa. Wannan shi ne sashen da ya dace da hutu, don hannu ne ke yi, ido yana kan yara. Dole ne kuma ido ya kasance a kansu. Tekun wannan gaɓa ba na wasa ba ne, igiyar ruwan tana dukan ƙasa da ƙarfi, in za ta koma kuma sai ta zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafar mutum. Goggo ta kafa doka, ruwa kada ya wuce idon sawu. Ni ina ƙarƙashin bishiyar kwakwa da hijabina, dunƙulen zaren a cikin leda na bar masa ɗan baki, saboda in ya gangara kan yashi sau ɗaya an gama, har gida za ki riƙa jin ƙasa a yatsa. Darasin dattijon kuma na yi amfani da shi gwargwadon iyawata: duk zagaye biyar sai in yanke zaren in ɗaure tamau, in ɗan taɓa bakin nailan ɗin da ashana ya narke ya dunƙule, sannan in sake kafawa. Ko ta tsinke wata rana, ɓarnar tana da iyaka.

Ana cikin haka muka shiga tsohon ginin da ya sa duniya ta san Elmina. Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482 don cinikin zinariya, Turawan Holan suka ƙwace shi a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872. An nuna mana ɗakunan ƙasa inda ake tsare mata a zamanin cinikin bayi, da tsakar gidan da gwamna ke leƙowa daga bene ya zaɓa, da 'yar siririyar ƙofar da ake fitar da mutane zuwa jirgi. Yarana da ba sa rufe baki suka yi tsit. Babbar ta tambaye ni ko akwai Hausawa a cikinsu, na ce mata an kawo mutane daga arewa mai nisa, Allah kaɗai ya san adadinsu da garuruwansu.

Akwai wani tarihin garin da ya shafi abin da ke cikin ledata kai tsaye. Tsakanin 1831 da 1872 Turawan Holan sun ɗebi sojoji kimanin dubu uku ta Elmina suka kai su yaƙi a tsibiran da yanzu ake kira Indonesiya. Da yawansu bayi ne da aka sayo daga arewa ta hannun Ashanti. Waɗanda suka dawo an zaunar da su a wani tudu da har yau ake kira da sunan Java, ɗaya daga cikin tsibiran. Ana yawan cewa su ne suka zo da yadin batik na can, wanda ake rinawa da kakin zuma, matan gaɓar suka so shi, masaƙun Turai kuma suka shiga kwaikwayonsa da inji suna kawowa. Masana tarihi suna jayayya kan girman rawar da sojojin suka taka, tunda 'yan kasuwa ma sun daɗe suna kawo yadin gabas wannan gaɓa. Ko ma yaya ne, 'yar Holan ɗin da muke rububi a Kantin Kwari muna zubawa a lefe, kamfanin Vlisco da ke yin ta, tun 1846 yake a garin Helmond na ƙasar Holan, kuma kasuwannin gaɓar nan suna cikin waɗanda suka fara karɓar irin wannan yadi kafin ya hau arewa. Goggo ta ce ita duk wannan bai dame ta ba, atamfarsu ta Gana, GTP da ake yi a garin Tema, ta ishe ta.

Raga tana yaudara. A hannu za ki gan ta gajeriya, ki ce bari in ƙara, amma da an zuba kaya sai ta zazzago kusan ninki. Don haka da na kai zagaye 18 sai na zuba gorar ruwa biyu da tawul a ciki na ɗaga na gani, na ce ya isa. Na rufe baki da sarƙa uku tsakanin ido da ido, na koma 120, na ɗora zagaye biyar na gajeren ƙulli ya zama ƙaƙƙarfan baki.

Hannun jaka ban saƙa shi ba, saƙaƙƙen hannu miƙewa yake har jaka ta riƙa dukan gwiwa. Da muka je sallar Juma'a a Cape Coast, wajen kasuwar Kotokuraba inda Hausa ke tashi ta ko'ina, na sayi yadi ɗaya na atamfa da zif. Na yanka tsiri biyu masu faɗin inci huɗu da tsawon inci 24, na naɗe gefe da gefe zuwa tsakiya na sake ninkawa, suka zama ninki huɗu masu faɗin inci ɗaya. Wata tela a bakin kasuwar ta bi mini su da keke, ta kuma haɗa mini 'yar ƙaramar jaka mai zif daga ragowar, don waya da kuɗi, tunda raga ba ta riƙe ƙananan abubuwa. Ɗora hannun a bakin jakar da allura na yi, da zaren nailan, na ɗinke murabba'i na kuma gicciya shi a tsakiya.

Ta je bakin ruwa ta yi aikinta. Yashi yana zuba ta raga tun kafin a ɗaga ta, wanda ya taru a gindi kuma girgizawa biyu ya fice ta ramin tsakiya da tsakanin ƙulle-ƙullen. Ragar takan bushe kafin magariba, gindin ƙyallen ne ke kaiwa washegari, sai an kife shi a inda iska ke bugawa. Duk ranar da ta taɓa ruwan teku sai na ɗauraye ta da ruwan famfo, don gishirin da ya bushe a cikin auduga laima yake jawowa, ba za ta taɓa bushewa sosai ba.

Da muka koma Nima, maƙwabtan Goggo suka yi ta juya ta suna tambayar nawa zan yi musu. Na lissafa kuɗin zare da zif da na tela, na ɗora ladan yankan ƙyalle kaɗai ban ma sa na saƙa ba, ɗan Goggo ya mayar da shi sidi, kuɗin Gana. Wata ta ce da wannan kuɗin ai sai ta sayi jaka uku a kasuwar Makola. Ƙaramar 'yar Goggo ce ta ɗauko littafin makarantarta ta ce in faɗa mata lambobin, ta rubuta daga 6 har 48, da 120, da 30. Na bar mata babban kwarashin da dunƙule biyu da suka rage, Goggo kuma ta aika a gaya wa telarta kada ta sake zubar da ƙyalle.